Tsofaffin Sulalla: Abubuwan Da Ke Sa Wata Ƙwandala Ta Yi Tsada, Wata Kuma Ta Zauna A Banza

A gidajen 'yan kasuwa da yawa na ƙasar nan akwai gwangwani ko tsohon mazubi da aka gada cike da anini, ɗari, kwabo mai huji, taro, sisi da sule, waɗanda aka yi amfani da su kafin shigowar naira da kwabo a ranar 1 ga Janairu, 1973. Duk sa'ad da labari ya zo cewa an sayar da wata ƙwandala a Turai kan miliyoyi, sai masu irin wannan ajiya su ɗauka arziki ya zo. Akasarinsu kuwa suna dogara ne da abu guda, wato tsufan kuɗin, alhali a kasuwar masu tara sulalla tsufa shi ne ma'auni mafi rauni. Ƙananan kuɗaɗen tagulla na Rumawa, na zamanin Sarki Kustantin a ƙarni na 4, ana sayar da su kan 'yan daloli kaɗan, domin an buga su da yawan gaske kuma har yau manoma na tono su.

Abin da ke kan gaba shi ne ƙaranci, kuma ƙarancin da ake nufi shi ne yawan waɗanda suka rage a duniya, ba yawan waɗanda aka buga tun farko ba. A shekarar 1933 Amurka ta buga ƙwandalar zinariya ta dala 20 har guda 445,500, amma kafin a sake su gwamnatin Shugaba Roosevelt ta hana jama'a riƙe kuɗin zinariya, aka narke kusan dukkansu. 'Yan ƙalilan ne suka sulale waje, ɗaya daga ciki ta shiga taskar Sarki Faruk na Masar. Ƙwandalar da ake kyautata zaton ita ce tasa ta sake bayyana a 1996, aka yi shari'a a kanta, daga bisani ta zama ita kaɗai ce doka ta yarda mutum ya mallaka. An yi gwanjonta a 2002 kan dala miliyan 7.59, aka sake sayar da ita a 2021 kan dala miliyan 18.9. Zinariyar da ke jikinta ba ta kai oza ɗaya cif ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Sarkin Ingila Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta a Disamban 1936, bai cika shekara ba. A Ingila ba a kai ga sakin kuɗi mai hotonsa ba, sai na gwaji kaɗan. Ɗaya daga cikin fam na zinariya shida da aka sani an sayar da shi kan fam miliyan 1 a Janairun 2020. To amma a Afirka ta Yamma an saki kwabo da ɗari da anini masu sunansa, ɗauke da shekarar 1936, saboda kuɗi mai huji a tsakiya ba ya buƙatar hoton sarki. An buga miliyoyi, an kuma ɓoye da yawa tun a lokacin bisa zaton za su yi tsada, shi ya sa har yanzu ana samunsu da araha. Sarki ɗaya ne, suna ɗaya, amma tazarar farashin ta wuce misali. Wanda aka kawo wa irin wannan kwabo ana cewa na sarkin da ya yi murabus ne, sai ya yi hattara da aljihunsa.

Haka zalika shekarar da ke rubuce a jikin kuɗi ba kullum take faɗar gaskiyar shekarunsa ba. Dalar azurfa ta Mariya Tireza, Sarauniyar Ostiriya, wadda fatake suka yi ciniki da ita daga Bahar Maliya zuwa Borno da ƙasar Hausa, tana ɗauke da shekarar 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu. Tun daga lokacin aka ci gaba da buga ta da wannan shekara, a Biyana da Landan da Rum da Bombai da wasu wurare, har adadin ya haura miliyan 300. Nauyinta giram 28 ne da 'yan kai, azurfa tsantsa a ciki kimanin giram 23.4, kuma darajar mafi yawansu ba ta wuce kuɗin wannan azurfa da ɗan abin da ba a rasa ba.

Wannan ya kawo mu ga ƙarfen da aka yi kuɗin da shi. A ra'ayina nan ne kawai ɗan kasuwa zai iya yin lissafi da kansa ba tare da dogaro da kowa ba. Fam na zinariya na Ingila yana da zinariya tsantsa giram 7.32, saboda haka farashinsa ba zai faɗi ƙasa da na wannan zinariya ba, yana kuma hawa da sauka tare da kasuwar duniya. Duk abin da aka biya sama da haka, kuɗin sha'awa ne. Kwabo da anini, da yake ba zinariya ko azurfa a jikinsu, ba su da wannan madogara.

Sai kuma lafiyar kuɗin. Dillalan Amurka na amfani da ma'auni daga 1 zuwa 70 wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949, kuma tun daga 1986 da 1987 kamfanonin PCGS da NGC ke duba kuɗi, su ba shi maki, su rufe shi cikin kwanson roba. Ƙwandala biyu na shekara ɗaya, wadda ta sha hannu da wadda ba a taɓa kashewa ba, farashinsu kan bambanta ninki goma ko fiye. Babbar ɓarnar da masu ajiya ke yi ita ce goge kuɗi da toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli. Gugar na kankare fuskarsa ta asali, masu saye kuma sun fi son dattin shekaru da wannan ƙyalli. Kuɗin da aka huda aka yi sarƙa ko aka liƙa wa zobe shi ma ya tashi daga sahun masu tsada. Ƙananan haruffa na da nasu tasiri: a kuɗin Afirka ta Yamma, harafin H na nufin ma'aikatar Heaton ta Birmingham, KN kuma King's Norton, kuma a wasu shekarun bugun wata ma'aikata ya fi na wata wuyar samu. Aninin farko na 1907 da alminiyam aka yi shi, wanda bai jure yanayin ƙasarmu ba har aka sauya ƙarfen a 1908, don haka mai lafiya daga cikinsu abin a adana ne.

Duk da haka, ƙaranci ba ya haifar da farashi sai da masu nema, kuma masu neman su kasance da kuɗi. Kuɗaɗen Amurka sun fi tsada ne domin masu tara su sun fi yawa da wadata. Kuɗaɗen daulolin Musulunci ma sun samu tagomashi da shigowar attajirai da gidajen tarihi na yankin Tekun Fasha cikin kasuwar. A 2011 an sayar da dinarin Banu Umayya na shekara ta 105 bayan Hijira kan fam miliyan 3.72 a Landan, saboda rubutun da ke jikinsa ya ambaci ma'adinin Amirul Muminina a Hijaz. Kuɗaɗen Najeriya ba su da irin waɗannan masu saye tukuna, kuma kasuwarsu ta fi ƙarfi a Landan fiye da Legas ko Kano.

Mai niyyar shiga wannan harka ya sani cewa farashin da jaridu ke bugawa na gwanjo ne, a ciki akwai la'adar gidan gwanjon, dillali kuma ba ya sayen kaya sai da ragi mai yawa. Jabu sun cika kasuwa, musamman na dalar azurfa, kuma ma'aunin giram da maganaɗisu kan tona asirin da yawa daga ciki. Bugu da ƙari, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba, don haka kafin a tura tsohuwar ajiya zuwa ƙetare ya kamata a tuntuɓi hukumar a ji ko dokar ta hau kanta.