Yadda Karatun Jami'a Ke Gudana a Nijeriya

Jami'a ita ce matakin karatu da ke biye da sakandare, amma tsarinta ya sha bamban da abin da ɗalibi ya saba da shi. A can babu ƙararrawar shiga aji, babu malamin da zai bi sahun wanda bai zo ba, kuma ba a aika wa iyaye sakamako a ƙarshen zango. Ɗalibi da kansa zai nemo jadawalin darussa, ya yi rajistar kwasa-kwasansa, ya riƙa bibiyar makinsa. Da yawa daga cikin waɗanda karatu ya gagara ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, ƙa'idojin wurin ne ba su sani ba sai da lokaci ya ƙure.

Ƙofar shiga tana hannun hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Ita ke shirya jarrabawar UTME, wadda ake yi a kan kwamfuta, a darussa huɗu, jimillar maki 400. Ingilishi dole ne ga kowa, sauran ukun kuma sun dogara ga fannin da ake nema. Mai son karatun likita zai haɗa da Bayoloji, Kimistiri da Fizis. Mai son injiniya zai ɗauki Lissafi, Fizis da Kimistiri. Kuskuren zaɓen darussan nan kaɗai ya isa ya hana ɗalibi gurbi, ko da ya ci maki mai yawa, kuma abin takaici sau tari a shagon kwamfuta ake tafka shi, inda mai shagon ke cike wa yaro fom ba tare da an duba littafin ƙa'idojin hukumar ba. Bayan wannan ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC, NECO, NABTEB ko NBAIS, ciki har da Ingilishi da Lissafi a galibin fannoni, a zama ɗaya ko biyu. Sannan kowace jami'a tana yin tata tantancewar.

Makin UTME da ake sanarwa a matsayin mafi ƙanƙanta izinin nema ne kawai. Fannonin da ake rububinsu, irin su likitanci, lauya da harhaɗa magunguna, suna neman abin da ya zarce haka nesa. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin zamani. Saboda haka zaɓen jami'ar da jihar ɗalibi ke cikin yankinta dabara ce mai amfani. Akwai kuma wata hanyar, wato shiga kai tsaye aji biyu, ga masu takardar NCE, difloma ko IJMB, shirin da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi. Ko ta wace hanya aka bi, tun daga 2017 gurbi ba ya tabbata sai ya fito a shafin CAPS na JAMB, ɗalibi ya shiga ya amsa. Ya kamata a kuma tabbatar cewa hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta amince da kwas ɗin da za a karanta, domin digirin da ba ta san da shi ba takarda ce kawai.

Da zarar an shiga, sai a tarar jami'a a rarrabe take. Akwai tsangayoyi, kowace a ƙarƙashin shugabanta, kuma kowace tsangaya ta ƙunshi sassa. A sama akwai shugaban jami'a, da magatakarda mai riƙe da takardu, da majalisar manyan malamai wadda sai ta amince sakamako ke zama sakamako. Sabon ɗalibi ba safai zai haɗu da waɗannan ba. Wanda ya fi kusa da shi shi ne kodinetan ajinsa, malamin da sashe ya ɗora wa alhakin duba rajista da ba da shawara. Sanin ofishinsa a makon farko ya fi sanin komai muhimmanci.

Shekarar karatu zango biyu ce. Kowane kwas yana da nauyinsa da ake aunawa da kiredit, galibi biyu ko uku, gwargwadon awannin lakcarsa a mako. Bisa ƙa'idar da aka fi bi, ɗalibi ba ya ɗaukar ƙasa da kiredit 15 ko sama da 24 a zango guda. Wasu kwasa-kwasan wajibi ne, wasu na zaɓi, akwai kuma na gama-gari da kowa ke yi, kamar sarrafa Ingilishi da koyon sana'a. Kwas ɗin da ba a yi wa rajista ba, ko an rubuta jarrabawarsa an ci, ba za a lissafa shi ba. Makin kowane kwas 100 ne: 30 ko 40 daga gwaje-gwaje da jinga na cikin zango, ragowar daga jarrabawar ƙarshe. Dokar jami'o'i da dama ta tanadi halartar kashi 75 cikin ɗari na lakcoci kafin a shiga jarrabawa.

Inda ya fi kamata a natsu shi ne lissafin maki. A tsarin da jami'o'i da yawa ke bi, 70 zuwa sama A ne, darajarsa 5. 60 zuwa 69 B ne, 4. 50 zuwa 59 C, 3. 45 zuwa 49 D, 2. 40 zuwa 44 E, 1. Abin da ya gaza 40 kuwa faɗuwa ce, sifiri. Ana ninka darajar da kiredit ɗin kwas, a tara duka, a raba da jimillar kiredit. Wanda ya ci A a kwas mai kiredit 3 ya samu 15; idan ya ci C a mai kiredit 2 ya samu 6. Jimilla 21, a raba da 5, ya tashi da 4.20. To a ce ya faɗi wani kwas na uku mai kiredit 3: jimillar tana nan 21, amma yanzu da 8 za a raba, sai makin ya rufto zuwa 2.63. Faɗuwa ɗaya ke nan.

Wannan lissafin ba ya sake sabon lale kowace shekara. Ana tara shi ne tun daga zangon farko har na ƙarshe, shi ne abin da ɗalibai ke kira CGPA, kuma da shi ake yanke darajar digiri: 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 ta biyu ƙarama; 1.50 zuwa 2.39 ta uku. Yayin da kiredit ke taruwa, ɗaga makin yana ƙara wuya, don haka sakacin aji ɗaya yakan bi mutum har ranar yaye shi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kwas ɗin da aka faɗi dole a maimaita shi a shekara mai zuwa tare da sababbi, abin da aka sani da kariyoba. Wanda makinsa ya yi ƙasa ƙwarai ana ba shi gargaɗi, in bai gyara ba a sallame shi. Satar amsa kuwa hukuncinta na iya kaiwa ga kora.

Batun kuɗi ma na buƙatar shiri. Ban da kuɗin rajista na shekara-shekara, akwai abinci, sufuri, littattafai da wurin kwana, ga shi ɗakunan kwanan jami'a ba sa isar kowa, dole wasu su kama haya a unguwannin kusa, kamar Samaru a Zariya. A 2024 aka kafa dokar asusun NELFUND, mai ba ɗaliban makarantun gwamnati rance marar ruwa, wanda ake fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Gwamnatocin jihohi ma suna da hukumomin tallafin karatu. Sai kuma yajin aikin ƙungiyar malamai ta ASUU, wanda kan tsawaita zama: na 2022 ya ɗauki wata takwas.

Tsawon karatu ya danganta da fanni. Harsuna, tarihi, ilimin zamantakewa da galibin kimiyya shekara huɗu ne, injiniya da lauya biyar, likitanci shida. Kafin ƙarshe, masu kimiyya da fasaha suna fita koyon aiki a ma'aikatu ƙarƙashin shirin SIWES, masu karatun malanta kuma su je gwajin koyarwa. A aji na ƙarshe kowa zai rubuta kundin bincike a ƙarƙashin wani malami. Bayan majalisar jami'a ta amince da sakamako, ana tura sunaye ga hukumar NYSC, wadda aka kafa a 1973, domin hidimar ƙasa ta shekara ɗaya. Wanda ya haura shekara 30 a lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi, wanda kuma sunansa ba ya cikin rajistar JAMB ba za a kira shi ba sai ya koma ya daidaita takardunsa.