Mazubin Takarda: Daga Shagon Bugu a Ƙanƙara Zuwa Littafin Jagora

Duk wanda ya taɓa zuwa shagon buga takardu a Ƙanƙara ko Faskari ya san mai shagon ba ya fara rubutu daga farko. Ka ce masa yarjejeniyar cinikin gona kake so, ko takardar neman aiki, sai ya buɗe wadda ya buga wa wani jiya, ya goge suna ya sa naka. Yana aiki da mazubi ke nan, ko da bai kira shi haka ba, kamar mai buga bulo: ƙarfe ɗaya, bulo dubu.

Sai dai tsohuwar takarda ba mazubin gaskiya ba ce. Shi ya sa za ka ga sunan mai saye ya canza a sama, amma a ƙasa sunan na jiya na nan daram. A takardar gona kuwa, wannan ɗan kuskure kan kai mutane gaban alƙali. Mazubin gaskiya a Microsoft Word fayil ne na daban: kana buɗe shi sai ya ba ka sabuwar takarda mai guraben suna da kwanan wata a buɗe, shi kuwa ya zauna yadda yake.

Masu rubuta littattafan jagora na manhajoji da injuna sun yi nisa a wannan hanya, da kayan aiki irin su RoboHelp da MadCap Flare. Kamfanin IBM ya ƙirƙiro tsarin DITA, wanda ƙungiyar OASIS ta amince da shi a 2005. A nan, mazubin bayanin aiki yana jan marubuci ya faɗi abin da za a tanada, ya jero matakai ɗaya bayan ɗaya, sannan ya faɗi sakamako. Gargaɗi kuwa sau ɗaya ake rubuta shi. Duk shafin da ke buƙatarsa sai ya janyo shi. Aka gyara shi a wuri guda, ya gyaru ko'ina. Daga tushe ɗaya ake fitar da littafi na intanet da na bugawa.

Na bugawan nan ba ƙaramin abu ba ne a yankinmu. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar tsaro, har da Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara. A lokacin, jagorar da ke intanet kaɗai ba ta amfani kowa ba. Sai abin da ke cikin kwamfuta ko a kan takarda.

Abin da ya fi damuna shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Idan salon harafin da aka ɗora wa mazubi bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, kowace takarda za ta fito da tabo: ko wani ɗan akwati a gurbin harafin, ko mai bugu ya gaji ya sa k kawai. Sunan Ƙanƙara kansa ƙugiya biyu gare shi.