Jinjirin wata: Tsakanin lissafin masana da shaidar ido

A watan Afrilun 2024, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta ayyana Talata 9 da Laraba 10 ga wata a matsayin hutun Ƙaramar Sallah. Da daren Litinin ya yi ba a ga jinjirin Shawwal ba, sai Fadar Sarkin Musulmi ta sanar da cewa za a cika azumi talatin. Sallah ta koma Laraba, gwamnati ta ƙara Alhamis a cikin hutun. Ma'aikata sun yi murna, amma duk hadimin da ke tsara wa maigidansa taro ko tafiya ya san ɗawainiyar da sauyin kwana guda ke jawowa.

Masana ilimin falaki sun san da haka tun da daɗewa. A lissafinsu, wata kan kammala zagayensa cikin kwana 29 da sa'a 12 da minti 44 a matsakaici. A waccan Litinin, sai da misalin ƙarfe 7:20 na dare agogon Najeriya wata ya daidaita da rana, wato bayan magariba a Abuja. A lokacin ne kusufin rana ya duhunta sassan Meziko da Amurka da Kanada. Ke nan sa'ad da jama'a ke duban yamma a nan gida, ba a ma haifi sabon watan ba.

To me ya sa ake fita duba? Domin tambayoyin biyu ne. Kimiyya tana faɗin inda wata yake, da ko ido zai iya riskarsa. Shari'a kuwa tana fayyace abin da ke wajabta ibada, da shaidar da za a karɓa, da wanda ke da hurumin sanarwa. Jumhurin malamai sun rataya azumi da Sallah a kan gani, ko cika kwana talatin.

Muhawarar tsohuwa ce, kuma a cikin zauren malamai ta taso. Imam Taƙiyyuddin Subki, wanda ya rasu a 1355, ya ce a ƙi karɓar shaidar gani idan tabbataccen lissafi ya nuna ganin ba zai yiwu ba. A 1939, malamin hadisin nan na Masar, Ahmad Shakir, ya goyi bayan dogaro da lissafi. A yau Turkiyya da lissafi take aiki, ita kuwa Saudiyya tana tafiyar da kalandar Ummul Ƙura da lissafi, amma tana neman shaidar gani kafin azumi da Sallah.

Sanar da ranar Idi haƙƙin Sarkin Musulmi ne da kwamitinsa na duban wata. Tsara hutu kuwa aikin ofis ne, kuma babu abin da zai hana ma'aikatar tuntuɓar masana kafin ta fitar da sanarwa. Da an yi haka a 2024, da tun farko Laraba da Alhamis za a ayyana.