Toshewar Hanci: Tsakanin Abin Da Majiyyaci Ke Ji Da Abin Da Na'ura Ke Aunawa

Da zarar hunturu ya kama, hazo ya lulluɓe gari, sai ka ga ma'aikaci a ofis da hankici a hannu, yana atishawa ba ƙaƙƙautawa, ido na ƙaiƙayi, hanci a toshe. Sau da yawa ba murar ƙwayar cuta ce ke damunsa ba, murar alaji ce, wato jikinsa ya ɗauki ƙurar furanni ko ƙananan ƙwarin da ke cikin ƙurar katifa a matsayin abokan gaba, sai fatar cikin hanci ta kumbura. Idan ya sha magani ya ce ya ji sauƙi, ta yaya mai bincike zai tabbatar hancin ya buɗe da gaske?

Mai karatu zai iya cewa ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To amma a sha'anin hanci, mai ɗakin ma yakan ruɗe. Farfesa Ronald Eccles na Jami'ar Cardiff a Birtaniya ya nuna cewa shaƙar mentol, sinadarin nan mai sanyi da ke cikin man zafin da muke shafawa, yana sa mutum ya ji kamar iska na kwarara, alhali hanyar ba ta ƙaru da komai ba. Jijiyoyin da ke jin sanyi kawai ya taɓa. Ga kuma abin da likita Richard Kayser ya bayyana tun 1895: ko a jikin mai lafiya, kafofin hanci biyu karɓa-karɓa suke yi, ɗaya ta ɗan toshe ɗaya ta buɗe, bayan 'yan sa'o'i su sauya. Wanda ya auna kafa ɗaya da safe ya sake aunawa da rana, zai iya yaba wa magani a kan aikin da jiki ya yi da kansa.

Awon farko mai sauƙi ne. A 1889 Hendrik Zwaardemaker, masani ɗan ƙasar Holan, ya riƙa kara madubi mai sanyi ƙarƙashin hanci yana duba faɗin tururin da kowace kafa ta bari. Yau hanyoyi uku aka fi amfani da su. Akwai rinomanometri, inda ake rufe fuska da wani marfi, a toshe kafa ɗaya da siririn bututu mai auna matsi, a ga yawan iskar da ke wucewa ta ɗayar; tun 1984 aka daidaita ƙa'idarsa a duniya, akan kuma karanta sakamakon a matsin faskal 150. Akwai awo da sauti, wanda Ole Hilberg da abokan aikinsa suka gabatar a Denmak a 1989: a tura sauti cikin hanci, amonsa da ya dawo ya nuna inda hanyar ta ƙuntata. Wannan faɗin hanya yake nunawa, ba gudun iska ba.

Na ukun shi ya fi jan hankalina. Wani ɗan bututun roba ne, ba lantarki ba kwamfuta, wanda Youlten ya gabatar a 1980. Mutum zai rufe baki ya zuƙi iska ta hanci iya ƙarfinsa, sau uku, a rubuta lita nawa a minti a zuƙa mafi girma. Yana da nakasu, domin ya dogara da ƙoƙarin mai zuƙar da ƙarfin huhunsa, kuma asma da murar alaji sukan zo tare. Duk da haka majiyyaci na iya tafiya da shi gida ya auna safe da yamma tsawon hunturu. A ganina, asibitin koyarwa da ke fama da ɗaukewar wuta ba ya buƙatar jiran na'ura mai tsada kafin ya fara tattara irin wannan bayani.

Sai dai ita ma na'urar ba a ba ta amana gaba ɗaya. Ƙwayar fenilefrin, wadda ake sakawa a magungunan mura da dama, ta sami amincewa a Amurka a 1976 bisa wasu ƙananan gwaje-gwaje na awon hanyar iska. Da aka gudanar da manyan gwaje-gwaje a kan masu murar alaji, inda su da kansu suka riƙa ba toshewar maki, ba a ga ta fi ƙwayar da babu magani a cikinta ba. A watan Satumban 2023 kwamitin masu ba hukumar abinci da magunguna ta Amurka shawara ya kaɗa ƙuri'a 16 ba hamayya cewa wadda ake haɗiya ba ta aiki, kuma a Nuwamban 2024 hukumar ta gabatar da ƙudurin cire ta. Hukuncin bai shafi wadda ake fesawa a hanci ba.

Saboda haka binciken kirki yakan haɗa biyun, makin majiyyaci da adadin na'ura, ya kuma bar mutum ya zauna ya huta a ɗakin awo kafin a fara, domin ko hawa bene kan buɗe hanci na ɗan lokaci.