Tsakanin Ƙofar Gida da Ƙofar Makaranta

A watan Disamba na 2021 aka sace wata yarinya 'yar shekara biyar a Kano, tana dawowa daga Islamiyya. Da aka gano gawarta a Janairun 2022, sai ta bayyana cewa mai makarantar bokon da take zuwa ne ya ɗauke ta. Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yuli na 2022, gwamnatin jihar kuwa tun a Janairun ta soke lasisin dukkan makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su. Matakin ya dace. Sai dai lasisi takarda ce da ke rataye a bangon ofis, yaro kuwa kullum safiya sai ya fita. Abin da ke tsare ɗan naziri shi ne tsarin da iyaye da makaranta suka yi a tsakaninsu, suke kuma binsa kowace rana.

Dalilin a fili yake. Yaro ɗan shekara uku zuwa biyar bai riƙe lambar wayar kowa ba, ba ya iya kwatanta gidansu, kuma duk fuskar da ya saba gani zai bi ta ba tare da gardama ba. A garuruwanmu da yawa ba uwa ko uba ke kai shi ba. Mai adaidaita sahu ne, ko ɗan acaba, ko yayarsa da ita ma ba ta gama firamare ba. A nan ne gida yake zaton yaro yana makaranta, makaranta tana zaton yau bai zo ba, har azahar ta yi babu wanda ya tambaya. Maganin wannan ba ya cin kuɗi. Iyaye su rubuta sunayen mutum biyu ko uku da aka yarda su ɗauki yaron, makaranta ta ƙi miƙa shi ga kowa bayan su, ko da kawunsa ne, sai an kira gida. In kuma an kira suna da safe ba a ga yaro ba, malama ta buga waya nan take.

Haka batun lafiya yake, kuma a nan laifin ya fi karkata ga iyaye. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da sikila, amma sau nawa uwa take gaya wa malamar aji cewa ɗanta yana da ita? Ana ɓoyewa don gudun surutun mutane, kamar yadda ake ɓoye farfaɗiya da asma. Malamar da ba ta sani ba za ta bar shi cikin rana a lokacin zafi, ba ta matsa masa ya sha ruwa ba, alhali ƙarancin ruwa a jiki na cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha jin jiki a cikinta, ta fi kama yaran da ba su kammala rigakafi ba. Makarantar da ta nemi ganin katin rigakafi ranar rajista tana kare dukkan yaran ajin ne, kuma uban da ya tura yaro da zazzaɓi don kada kuɗin makaranta ya tafi a banza ya cuci 'ya'yan maƙwabtansa.

Wasu masu makarantu za su ce yawan leƙen iyaye rashin yarda ne da malamai. Malaman naziri sun cancanci girmamawa, domin aikinsu mai wuya ne kuma albashin yawancinsu bai taka kara ya karya ba. Amma wanda ya karɓi amanar yaron da bai iya ba da labari ba, bai kamata ya ji haushi don an tambaye shi wane ne mai gadi, wa ke kai yara bayan gida, ko rijiyar tsakar makaranta tana da murfi ba. Wasu iyayen kuma za su ce neman abinci bai bar musu lokaci ba, sa ido aikin gwamnati ne. Gaskiya ne hukuma ce ke da ikon rufe makaranta, sai dai jami'in duba makarantu jefi-jefi yake zuwa, iyaye kuwa suna da wanda ke isa ƙofar sau biyu a rana. Ko ziyara ɗaya a zango, ba tare da sanarwa ba, tana nuna abin da ranar bikin yaye ɗalibai ba za ta nuna ba.

Taron iyaye da malamai a wurare da yawa ya koma zaman sanar da ƙarin kuɗi. Iyaye, a taro mai zuwa ku nemi a fara da maganar wanda ke ɗaukar yara da littafin lafiyarsu, kafin a shiga lissafi.