Yadda Karyayyiyar Taɓarya Ta Zama Gudumar Dukanci

A hutun da ya wuce na koma gida Bagwai na tarar ƙanena, wanda ke aji biyu na babbar sakandare, ya kama sana'a. 'Yan kuɗin da ya tara wajen tsinkar tumatir a gonakin rani na madatsar ruwa ta Watari ya ba wani mai shiga Kano, aka sayo masa guntayen fata a Ƙofar Wambai, da basilla, da zare, da ƙarfen huji guda biyu. Niyyarsa ya riƙa ɗinka bel da 'yan jakunkunan kuɗi yana sayar wa 'yan makarantarsu.

Ko mako biyu ba a yi ba, ƙarfe ɗaya ya tashi daga aiki. Kansa ya baje kamar na tsohuwar ƙusa, bakinsa ya dakushe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗan tabon da na gani a ƙasan idonsa na hagu. Ashe da hamar Babanmu ta buga ƙusa yake dukan ƙarfen, a kan daɓen siminti, har wata rana ɓarɓashin ƙarfe ya fallatso ya same shi. Da ya ƙara sama kaɗan, da yanzu wani labarin ake yi.

Ranar kasuwa muka ɗauki ƙarfen muka kai wa wani dattijo baduku da ke ɗinkin kube da gyaran sirdi. Ya juya shi a hannu, ya dubi ƙanena.

"Yaro, da me kake dukan wannan?"

"Da hama, Baba."

"To ai kai ka kashe shi. Ƙarfe ba ya dukan ƙarfe a wannan aikin."

Ya jawo wani guntun itace daga ƙarƙashin buzunsa, baƙi wuluk saboda shan hannu, duk jikinsa ya lotsa. Wannan, in ji shi, ya girmi ƙanena.

Dalilin ba boyayye ba ne, kuma 'yan ajin kimiyya za su gane shi da wuri. Idan ƙarfe mai tauri ya haɗu da ɗan'uwansa, babu mai sassauta wa wani. Dukan yakan ƙare cikin ƙiftawar ido, hamar ta yi tsalle, kan ƙarfen hujin ya riƙa bajewa a hankali har gefensa ya fara tsagewa yana fallatsa. Itace kuwa yakan ɗan lotsa, ya riƙe kan ƙarfen na ɗan lokaci, ya tura shi cikin fata ba tare da zamewa ba. Guduma ce ke cin wuya, ƙarfen ya tsira. Kuma ita ba a saye ta ba, balle a ji zafin lalacewarta. Ko a Turai da Amurka, masu aikin fata da gudumar itace ko ta roba mai tauri ko ta busasshiyar fatar sa suke aiki.

Kada wani ya raina sana'ar don ya ga kayan aikinta guntun itace ne. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, fata na cikin hajar da ta fitar da sunan Kano. Ayarin raƙuma ya riƙa tsallaka Sahara da jemammiyar fatar jan akuya, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda ake fitar da takalman birnin har Arewacin Afirka. Yau ma akwai masana'antun jima a Challawa da Sharaɗa, ga kuma cibiyar koyar da fasahar fata ta tarayya a Samarun Zariya ga mai son ya yi karatun abin.

Mu dawo kan guduma. Dattijon bai ce mu je mu sari bishiya ba. A ƙasarmu da kusan kowace bishiyar gona ke da mai ita, wannan neman rigima ne, kuma ɗanyen itace ma ba ya yi, don yana bushewa zai tsage. Cewa ya yi mu je gida mu nemi taɓaryar da ta karye.

Sai da muka ɗauko ta a bayan rumbu na gane hikimar. Masassaƙa kan yi taɓarya da itace mai tauri irin ƙirya ko marke, ta yi shekaru tana bushewa tana shan daka. Ga shi kuma sassaƙarta da ma bakin ya fi kauri, tsakiyar ta fi siranta. Wato rabin aikin an riga an yi maka: bakin shi ne kan guduma, wajen da ya sirance shi ne mariƙi. (Sai dai fa a nemi izini. Duk wanda ya yanke wa Inna lafiyayyiyar taɓaryarta, babu ruwana.)

Mun auna santimita 30 daga bakin, daidai tsawon rular makaranta, muka yanke da zarto. Santimita 12 na farko muka bar su da kaurinsu. A nan muka zagaya da zarto muka yi ɗan tsagi mara zurfi, don kada sassaƙa ta zarce cikin kan. Daga tsagin zuwa ƙarshe muka riƙa fiƙewa da wuƙa, bakinta na kallon waje, ba wajen cinya ko yatsa ba. Nan ne aikin ya ci lokaci, don ƙirya ba ta jin wuƙa da sauƙi. Ƙanena ya so mu tsaya tun mariƙin bai yi daidai ba, na hana. Ma'aunin shi ne ka damƙe shi babban yatsanka ya taɓa na tsakiya. Idan ya fi haka kauri, hannu zai gaji kafin a huda bel uku. Daga nan muka goge da samfefa, muka kashe kaifin gefuna, muka shafa man gyaɗa kaɗan muka bar ta kwana biyu. Kada a cika man, domin yana iya ɓata farar fata.

Akwai mai kai a gicciye irin ta kafintoci, amma ita sai an huda rami an sa ƙota an danna ɗan itace ya matse ta, kuma idan ta saki kan na iya tashi. Ni dai ga mai koyo na fi son wannan ta itace ɗaya. Da gefenta ake duka, ana ɗan juya ta a hannu, don lotsawar ta zagaye ko'ina daidai.

Saura abin da ya dakusar da bakin ƙarfen, wato simintin. Ƙarfen huji in ya ratsa fata dole ya faɗa kan wani abu mai karɓarsa. Muka samo guntun gungume muka kafa shi a tsaye, ana ɗora fatar a kan fuskar da aka yanke. Ba a ɗaga hannu sama kamar mai faskare. Duka ɗaya ko biyu daga wuyan hannu ya isa, nauyin itacen ne ke aikin.

Ƙarfen da ya lalace mun kai wa maƙeri ya goge bajajjen kan ya wasa bakin, ya ɗan gajarce amma yana huji. Ranar da zan koma makaranta ƙanena ya miƙo mini bel na farko da ya gama da sabuwar gudumar. Ramuka biyar, huɗu a layi, na biyar ya ɗan karkace. Na ce ai na yayansa kyauta ne. Ya ce shi bai san wannan zancen ba, sai da na biya.