Jidda: Tukubar tsakar gida da zumuncin Hausawan Kurayyat bayan rusau

Duk wanda ya tashi a kudancin Jidda ya san ƙamshin siriya. Sunan da mutanen Makka da Jidda ke kiran tsire ke nan, kuma daga bakin kakanninmu suka tsinci kalmar. Su ne suka taho a ƙafa ta Sudan, suka ƙetaro Bahar Maliya daga Sawakin, wasu don aikin Hajji, wasu kuma hijira suka yi bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Ba su zo da dukiya ba, amma sun zo da sanin haɗa yajin ƙuli-ƙuli da kafa tsinke a bakin wuta.

A Unguwar Kurayyat inda aka haife ni, tsakar gida, wadda a nan ake ce wa hosh, ita ce majalisarmu. Ranar Babbar Sallah ko suna, a nan ake hura gawayi, dattawa na kan tabarma, samari na juya nama. A bakin wutar nan yawancinmu muka koyi Hausa, domin a makaranta da titi Larabci ake yi.

Idan mai karatu bai manta ba, daga ƙarshen shekarar 2021 zuwa 2022 an gudanar da rusau a tsofaffin unguwannin Jidda, ciki har da Gulail da Batromin da Karantina da Sabil da Kurayyat. Iyalai suka watsu, akasari zuwa ɗakunan haya a benaye, inda babu wurin hura wuta. Yau akwai yaran da ba su san 'ya'yan baffanninsu ba sai a waya.

Don haka nake kira ga matasa 'yan uwana: duk dangin da Allah Ya sa ɗaya daga cikinsu ke da tsakar gida, a yi karo-karo a gina tukuba, bayan an nemi yardar mai gidan in haya ce. Sai dai akwai abubuwan lura.

Na farko, iska. Galibin iskar Jidda daga arewa maso yamma take kaɗawa, saboda haka a ajiye murhu ta kudancin wurin zama, yadda hayaƙi ba zai bi ta kan baƙi ba. A kuma duba tagar maƙwabci kafin a aza bulo, domin haƙƙinsa ya fi tsire.

Na biyu, ruwa. Ruwan sama bai cika sauka a Jidda ba, amma in ya zo da ƙarfi yake zuwa, kamar yadda aka gani a ambaliyar watan Nuwamban 2009 da ta Nuwamban 2022. A ɗaga daɓen ya fi sauran tsakar gida tsawo, a karkata shi zuwa magudana.

Na uku, kayan gini. Bulon siminti yana tsagewa idan wuta ta daɗe tana dukansa, don haka cikin murhun a jera bulo mai jure wuta. Laimar teku da gishirinta na cin baƙin ƙarfe, gara a ƙara kuɗi a sayi raga ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Tsayin teburin ya kai ƙugun mai gashi, a bar gefe guda na yanka da famfon wanke hannu.

Na huɗu, doka da lafiya. Saudiyya ta hana saye da sayar da itace da gawayin cikin gida don kare itatuwanta, wanda aka shigo da shi daga waje ne ya halatta. Kada a rufe rumfar ruf, kuma kada a shiga ɗaki da garwashi, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa. Tukunyar gas ta yi nesa da wuta da rana, a kuma riƙe lambar 'yan kwana-kwana, 911.

Daga ƙarshe, in an gama gini a sa rana, ko da Juma'a ɗaya ce a wata, a ɗauko tsofaffi da mota, a miƙa wa yara tsinke su koyi soke nama. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya haɗa kanmu.